Tsofaffin waƙoƙi a faifan sede: a saya ko a bari?

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi yi maka albarka. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce mahaifinka, Allah shi jiƙanshi da rahama, ya bar maku kwali guda cike da kaset-kaset na su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, rikodar gidan ta mutu tuntuni, kai kuma motar da ka saya tana da wurin saka faifan CD, wanda mu nan muke ce ma sede, ƴan uwanmu na Najeriya su ce sidi. Shi ne kake son sani ko ya dace ka kashe kuɗinka ka sake sayen waƙoƙin nan a sede don ka samu sauti mai kyau, ko ko ka tsaya ga waɗanda masu turi ke zuba maka a waya.

To bari in fara da abin da za ka riƙe ko da ba ka kai ƙarshen rubutun nan ba. Sede mazubi ne kawai, kamar ƙwarya. Abin da anka zuba ciki shi za ka sha, in nono mai kyau ne ka sha mai kyau, in tsamamme ne ƙwaryar ba ta gyara shi komin kyan zanenta. Saboda haka tambayar da ya kamata ka dinga yi ma mai sayarwa ita ce daga ina anka kwaso waƙar kafin a sa ta a faifan. Ni na fi shekara ashirin cikin sana'ar nan, na fara da gurza kaset a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa tun ina saurayi, na zo na yi zamanin sede, yanzu kuma aikina juya tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, don haka abin da hannuna ya taɓa kunnena ya ji shi zan gaya maka.

Shi faifan kanshi ba shi da laifi ko kaɗan. Kamfanonin Sony da Philips sunka haɗu sunka fito da shi a 1982, faɗinshi santimita 12, yana ɗaukar minti 74, daga baya anka ƙara ya kai 80. Yadda yake aiki shi ne, cikin kowane daƙiƙa guda ana auna sautin sau 44,100 a rubuta shi da lambobi, hasken leza ke karantawa ba tare da wani abu ya taɓa faifan ba, shi ya sa ko sau dubu ka saurara ba ya cinyewa kamar yadda allura ke cinye faifan garmaho ko kan rikoda ke goge zaren kaset. Duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, sede na iya ɗauka. Amma fa abin da anka ba shi kaɗai yake ɗauka, har da shuuu ɗin kaset da ƙarar janareto in suna ciki.

Yanzu mu dawo kan mawaƙanmu. Waƙoƙin nan da kake magana ta hanya uku sunka iso gare mu. Akwai waɗanda kamfani ya ɗauka a situdiyo, irin su EMI da ke Legas, anka buga su a baƙin faifai, waɗannan suna da uwa, wato babban zaren asali da muke ce ma masta. Akwai waɗanda gidajen rediyo sunka ɗauka, irin Rediyon Kaduna da Muryar Sahel ta Yamai, su ma a babban zare. Sai kuma na ukku, kuma wallahi su ne sunka fi yawa a hannun mutane, waɗanda wani ya ajiye rikodarshi a gaban makaɗa wurin biki ko ƙofar fada ko filin dambe, ko ya jingina ta jikin rediyo da dare lokacin da ake sako waƙar ta gajeren zango. Daga wannan kaset guda sai a kwafa, wanda anka kwafa ma shi ma a kwafa daga nashi, haka har hawa biyar hawa shidda. Mu da munka yi aikin mun sani, kowane hawa sai shuuu ta ƙaru, kaifin muryar ya ragu, ballantana in an yi saurin gurzawa mai ninki biyu don a sallami mutane ranar kasuwa. Wani lokaci ma injin na gudu fiye da ƙa'ida ko bel ɗinshi ya saki, sai ka ji kalangu ya canza murya, Shata ya koma kamar yaro ko kamar mai mura. Akwai matasa da yawa yanzu da ba su taɓa jin ainihin muryar mutanen nan ba, abin da sunka sani shi ne muryar kwafi na shidda, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Shata ya rasu 1999, Ɗanƙwairo 1991, ka ga ke nan kusan duk aikinsu zamanin zare da baƙin faifai anka yi shi. Da sede ya shigo kasuwanninmu, mafi yawan masu sayarwa ba su je neman masta ba. Kaset ɗin da ke cikin shago shi anka jona ma kwamfuta, anka gurza a faifai fanko, anka buga hoto mai sheƙi anka liƙa. Daga baya ma abin ya ƙara lalacewa, ba daga kaset ake ɗaukowa ba, daga MP3, wato matsattsen sautin nan da ke yawo a wayoyi, ake maida shi sede. Ka ga mutum ya biya kuɗin faifai amma abin da ke cikin wayarshi shi ya sake saye.

Ni kaina ya taɓa ci na. Wata shekara na je Kano sarin kaya, na ga wani faifai na waƙoƙin Narambaɗa, kwali mai kyau, an rubuta orijina da manyan baƙaƙe, na yi murna don na daɗe ina neman mai tsabta. Na dawo Maraɗi na sa shi da dare bayan isha'i, na sa abin kunne. Waƙa ta biyu ba ta ƙare ba sai na ji sautin ya nutse ya taso kamar yadda gajeren zango ke yi, can sai ga muryar mai gabatarwa ta fara fitowa anka datse ta da sauri, a wata waƙar kuma har tarin wani mutum ana ji kusa da rikodar. Ban jefar da shi ba, don waƙar Narambaɗa ko a yaya take abin riƙewa ce, amma kaset ɗin da nake da shi a shago ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.

Ga yadda za ka gane faifai kafin ka fidda kuɗi. Juya shi ka dubi cikinshi a haske. Bugun kamfani fari ne tas kamar azurfa, don shi ba gurza shi ake ba, a injin ake danna shi da ƙarfen hatimi. Na gurzawa kuwa za ka ga ya ɗan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinariya, kuma in ka karkata shi sau da yawa kana ganin iyakar inda rubutun ya tsaya, wani zobe ya fi wani duhu. Dubi kuma ɗan zoben tsakiya kusa da ramin, bugun kamfani yana da lambobi ƙanana a nan, waɗanda anka buga daga wajen 1994 zuwa sama galibi har da haruffan IFPI. Sannan ka ƙirga waƙoƙin. In mai kaya ya ce maka faifai guda na ɗauke da waƙa ɗari ko ɗari da hamsin, to MP3 ne anka zuba, don sede na gaskiya ba ya wuce minti 80, kuma ka san waƙar Shata guda na iya cin minti goma sha biyar ko fiye. Haka wanda ke da hoto mai motsi, wato VCD, sautinshi matsattse ne, kar ka saye shi don neman sauti. Kuma kar ka ji kunyar cewa a sa maka ka ji, ka saurari wurin da waƙa ke farawa da inda take ƙarewa, nan asirin ke tonuwa.

To wane ne ya cancanci saye? Wanda anka koma ga masta anka ɗauko. Irin waɗannan suna nan, sai dai na ƙasar Hausa ba su da yawa. Misali kamfanin Ocora na gidan rediyon Faransa ya fitar da kaɗe-kaɗen gargajiya na Nijar da anka ɗauka tun 1963, daga baya ya sake fitar da su a sede, in ka ci karo da shi kar ka tsaya ciniki mai tsawo. Akwai faifan da namu Sa'adu Bori, Allah shi jiƙanshi, sunka yi shi da Musa Pusi a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Stern's na Landan ya fitar, wannan tun asali don sede anka yi shi, bugun kamfanin ya fi duk wani kwafi da za ka ji a waya. In kana sauraren na waje, tsofaffin waƙoƙin Ali Farka Ture da gidan rediyon Mali ya ɗauka a shekarun 1970, kamfanin World Circuit ya tattara ya fitar a 1996, aiki ne mai kyau. Haka na Ummu Kulsum ta Masar da ta rasu 1975, ita kam sede ya yi mata rana, don waƙarta guda a gaban jama'a tana kai wa kusan awa, a baƙin faifai dole a raba ta gida biyu ka tashi ka juya, a sede kuwa sai ta tafi a miƙe. Waƙoƙin Indiya na su Muhammad Rafi da Lata da iyayenmu mata ke so su ma akwai na kamfani masu kyau, amma jabunsu ya fi yawa a nan wajenmu. Har karatun Alƙur'ani na su Husari da Minshawi da Abdulbasit, duk wannan ƙa'idar ce.

Wani abu da zai taimake ka, a bayan wasu tsofaffin faifai na Turai za ka ga haruffa ukku, AAD ko ADD ko DDD. Harafin farko yana gaya maka da me anka ɗauki waƙar, A zare ne, D na'urar lambobi ce. Mutane na ganin A sai su ɗauka abu ne maras kyau, alhali tsohuwar waƙa dole ta fara da A, kuma zare mai kyau da anka adana da kyau yana da daɗin da ba a kwatantawa. In ka ga waƙar 1970 an rubuta mata DDD, to ko dai sake rerawa anka yi ko ƙarya ce.

Sai maganar gyaran sauti, wanda suke rubutawa a kwali cewa an sabunta an wanke. Nan ma a yi hattara. Gyara iri biyu ne. Akwai mai hankali da zai daidaita gudun zaren, ya cire ƙas-ƙas ɗin allura ɗaya bayan ɗaya, ya bar sauran yadda yake. Akwai kuma mai gaggawa da zai danna maɓallin cire shuuu har ƙarshe, shuuu ta tafi amma ta tafi da rabin waƙar, sai ka ji muryar kamar daga cikin randa take fitowa, ƴan amshi sun dunƙule wuri guda, kuntigin Ɗan Maraya ya rasa wannan ɗan kaifin da ke sa ka gane shi tun daga nesa. Ni dai gara a bar mani shuuu ɗina. Kunne na sabawa da ita cikin minti guda ya manta, amma abin da anka goge ba ya dawowa. Sannan tun daga shekarun 1990 kamfanoni sunka shiga gasar ƙara ƙarfin sauti, a matse waƙa duk ta zama da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, inda mawaƙi ya sassauta da inda ya ɗaga duk su zama daidai. Kiɗan taushi ko kotso kuwa daɗinshi na cikin wannan hawa da saukar. Shi ya sa wani lokaci tsohon bugu ya fi sabo.

Game da waya kuma, gaskiya zan gaya maka. Minti guda na sede yana cin wajen mega 10, MP3 da anka fi yawo da shi mai lamba 128 (lambar in ta ƙaru, sautin da anka bari ya fi yawa) yana cin wajen mega 1, ka ga an zubar da abu mai yawa, mafi yawa daga sama wajen kaifin sauti. Amma in a lasifikar waya kake ji, ko cikin mota kana kan hanyar Ɗan Isa gilashi a buɗe iska na kaɗawa, ba za ka ji bambanci ba, kar wani ya ruɗe ka. Kuma in asalin waƙar daga gajeren zango anka ɗauke ta, dama can babu kaifin da MP3 zai zubar. MP3 mai lamba 256 ko 320 da anka yi daga tushe mai kyau ya fi sede da anka gurza daga mataccen kaset sau goma. Matsalar na waya ita ce ba ka san hawa nawa ya yi ba, wani ya sa a YouTube an matse, wani ya sauke ya maida MP3 an sake matsewa, wani ya haɗa da hoto ya tura a WhatsApp an ƙara matsewa. Ga kuma rashin suna, sau nawa ina ganin waƙar wani an rubuta sunan wani, waƙar da anka yi ma sarki kaza a ce ta sarki kaza ce. Faifan kamfani na zuwa da ƴar takarda mai sunan makaɗa da shekara da wurin ɗauka, ni a wurina wannan takardar rabin kuɗin ce. Kuma naka ne, ba ruwanka da kuɗin intanet, ba wanda zai goge shi dare ɗaya.

In ka saya, ka tuna garin da muke. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce 40 a inuwa, cikin motar da ke rufe a rana ya fi haka nesa, faifai na lanƙwashewa, na gurzawa kuwa wani rini ne a cikinshi da rana ke kashewa, shekara kaɗan sai ka ji yana tsalle ko ya ƙi karantuwa sam. Kar ka bar shi gaban mota. Ƙurar hunturu kuma ita ke kashe idon na'urar. In za ka goge faifai, da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Abin da mutane ba su sani ba, gefen da ke da hoto ya fi gefen sheƙi haɗari, don sautin da anka rubuta na nan dab da shi ƙarƙashin ɗan fenti, in ya karce ta nan shi ke nan. Ni shawarata ranar da ka saya ka kai a kwafe maka shi a kwamfuta a matsayin FLAC ko WAV, waɗannan ba su zubar da komi, ka ajiye a wuri biyu, ka yi MP3 mai kyau don mota da waya, shi kuma faifan ya koma kwalinshi cikin ɗaki. Na'urorin ma sai ƙara wuya suke, sababbin motoci da kwamfutoci da yawa ba su zuwa da wurin faifai.

Akwai kuma batun haƙƙi da ba na son in tsallake. Faifan da anka gurza a lungu, ko dala ba ta isa ga iyalan mawaƙin. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha a ƙasar nan, BNDA, amma kai ma mai saye kana da naka rabon. In ka samu na halal, ko a hannun iyalan ko na kamfanin da ke biyansu, ka saya ko ya ɗan fi tsada.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mani a rai cikin wasiƙarka, kwalin nan na mahaifinka. Ɗana, mai yiwuwa abin da kake shirin fita nema a kasuwa yana cikin ɗakinku, kuma wanda ya fi shi. Mutumin da ya sayi kaset a shekarun 1970 ko 1980 kusa da tushe ya saya, hawa na ɗaya ko na biyu. Kuma a irin kwalayen nan ake samun abin da babu shi ko'ina, wasan da anka yi a Tibiri ko Tasawa ko nan cikin gari wani ya ɗauka da rikodarshi. Ka dubi Mamman Sani mai kiɗan organ, a 1978 ya yi kaset ɗinshi a Yamai, kwafi kaɗan, sai da wani Ba'amurke ya ci karo da shi anka sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Kwanan baya wata dattijuwa daga unguwar Mokoyo ta aiko jikanta da kaset guda a ƙulle cikin ɗankwali, babu ko rubutu a jiki, zaren ya tsinke, ɗan audugar da ke danne zaren ya faɗi. Na kwance shi na ɗinke na sa mashi wani audugar daga mataccen kaset. Ashe wani makaɗin gurmi ne ke wasa mijinta ranar da anka naɗa shi sarkin wata sana'a, ana jin guɗa, ana jin muryar mijin yana godiya. Da yamma ta zo da kanta, na sa mata abin kunne, ta riƙe shi da hannu biyu ba ta ce komi ba har ya ƙare, sannan ta ce in sake mayarwa daga inda yake magana.

Saboda haka kar ka sa kaset ɗin nan a kowace rikoda da ka samu aro, tsohuwar rikoda mai busasshiyar roba cinye zare take. Ka fidda kwalin daga inda rana ko damshin damina ke taɓa shi, ka nisanta shi da lasifika don maganaɗisun da ke ciki na goge zare. Kowane kaset ka ɓalle ƴan haƙoran nan biyu na samanshi don kar wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya ɗauki wani abu a kai. Ka sa biro a ramin ka juya a hankali ka ji ko zaren na tafiya ko ya manne, wanda ya manne kar ka tilasta mashi. Duk rubutun da ke jikin kwali, ko da ajami ne ko hannun mahaifinka, ka ɗauki hotonshi kafin komi. Sannan ka nemi mai aikin da zai goge kan na'ura da alkol, ya daidaita ɗan sukurun kan ga kowane kaset har kaifin ya fito, ya jona na'urar da kwamfuta da igiyar waya ya ɗauka, ba ta iska ba, ya ba ka WAV ɗin yadda yake ba tare da ya wanke ba, in ya so wankakken ya zama kwafi na biyu. Daga nan in kana son na mota sai a gurza maka sede daga naka, ka san dai daga ina ya fito.

Ka fara da waɗanda ba su da hoton kamfani, masu rubutun hannu ko marasa rubutu sam, su za a fara juyawa. In ka tashi kawowa ka taho da mahaifiyarka ko wani baffanka da zai iya gane muryoyin, mu rubuta sunayen tun akwai masu sani.